Zoɓon Gandun Tambari

A unguwar Mabera da ke Sakkwato in ka ce kana neman Sirajo, sai a tambaye ka, "Wane Sirajo? Mai gyaran babur ko mai baki?" In ka ce mai baki, ba wanda zai ɓata lokaci wurin yi maka kwatance. Cewa za a yi ka tsaya ka kasa kunne, inda ka ji wata murya ta danne ta kowa, to can yake.

Sirajo ya yi sana'o'i da yawa a duniya, sai dai duk a teburin shayin Habibu yake buɗe su, a nan yake cin ribarsu, ya kuma rufe su kafin shayinsa ya huce. Ya yi kiwon jimina da baki. Ya shigo da ƙanƙara daga Rasha da baki. Abin da ke riƙe da gidansa kuwa zoɓon matarsa Zaituna ne, wanda take dafawa da citta da kanumfari, ana kai wa ɗaliban jami'a a Kwalkwalawa. Da wannan zoɓon ta lallaɓa ta sayi 'yar gona a bakin fadama, can Kwalkwalawar, tana noma abinta.

Wata safiya sai ga Sirajo ya iso teburin shayi yana ɗaga waya sama kamar wanda ya tsinci zinariya.

"Jama'a, mun yi kwana, an bar mu baya! Ku dubi wagga gona. Ƙasar Faransa ta. Ba ta kai hilin ƙwallon hiramare ba. Amma kwalba guda ta ruwan inabin da aka yi cikinta, kuɗinta sai su sai maka gida Arkilla, da mota, da mai gadi!"

Habibu mai shayi ya dakata da fifita wuta. "Kwalba guda? Ko dai tanki?"

"Kwalba nic ce!"

Malam Gazali, ɗan baffan Sirajo, wanda ke limanci a masallacin layin, ya gyara tabarau ya leƙa wayar. Nan take ya ja da baya. "A'uzu billahi! Sirajo, wagga ai giya ta."

"Allah gafarta Malam, ni ba ruwana da abin da ac cikin kwalba. Dabara nika kallo. Abu ukku ka sa tsada: tarihin gona, da sunan mai gona, da tsuhwan kwalba. Bature ba ruwa shika saidawa ba, labari shika saidawa."

"To in labari na," in ji Habibu, "ai kai ka hi su jari."

Aka kwashe da dariya. Sirajo bai ji haushi ba, don shi yabo ya ɗauke ta. Ya ce su tsaya ma ya nuna musu yadda manya ke ɗanɗana irin wannan abu. Ya ɗauki kofin shayinsa ya jujjuya shi, ya cusa hanci ciki ya shaƙa, ya lumshe ido, ya kurɓa, ya yi ta wasa da shi a baki kamar mai kurkurar haƙori.

"Daga nan sai mi?" in ji Habibu.

Sirajo ya ɗaga yatsa, ya juya gefe, ya fesar. Daidai lokacin wani ma'aikaci ya zo wucewa da farar shadda sabuwa, zai hau kabu-kabu zuwa ofis. Sai da Malam Gazali ya shiga tsakani da Allah da Annabi kafin mutumin ya saki wuyan rigar Sirajo.

Sirajo ya gyara hula ya ce, "Kun gani? Irin waɗanga ba su za mu saida ma ba."

Daga nan gida ya nufa. Ya tarar da Zaituna tana tace zoɓo a tsakar gida.

"Zaituna, talaucinki ya ƙare. Daga yau kin bar ƙulla soɓo cikin leda."

Ba ta ɗago ba. "Baban Khaula, matsa, kana tare min haske."

Ya zauna ya zayyana mata komai. Zoɓo halal ne, ja ne, ya ma fi ruwan inabin Turawa kyan launi. Abin da ya rasa kawai tarihi ne da tsufa. Za a zuba shi a kwalabe, a ajiye ya kwana biyu, a ba gonar suna.

"Soɓo in ya kwana ba ƙanƙara, lalacewa shikai," in ji ta.

"Naki ka lalacewa. Nawa girma za shi yi."

"Wane suna za ka ba gonata?"

"Gandun Tambari."

"Wane Tambari kuma?"

"Kakan kakana!"

Duk abin da dangi suka sani game da Tambari shi ne dogo ne, kuma igiyar ɗaure jakuna yake sayarwa. Amma kafin Zaituna ta gama tace tukunya ɗaya, Tambari ya zama attajirin da ya fara shuka zoɓo a bakin fadamar nan shekara ɗari biyu da suka wuce, wanda fatake ke ratso sahara daga Agadas don su kurɓi kofi guda su koma.

Sirajo ya bi ta da magana daga tsakar gida zuwa madafa, daga madafa zuwa bakin rijiya. Don dai kunnenta ya huta, ta ce ta ba shi buhun zoɓo ɗaya da aron ɗakin kwanon da ke gonar.

"Amma gonata, ko ƙasarta kak ka ɗiba," in ji ta.

Sirajo ya shiga aiki, karo na farko a tarihin Mabera. Ya bi 'yan gwangwan ya tattaro kwalaben lemon biki, ya wanke. Ya dafa zoɓo ya antaya masa sukari ninki biyu, ya ƙara dabino da ɓawon abarba, don a cewarsa abin manya sai da sirri. Da ya rasa abin toshe baki irin na Turawa, sai ya fere totuwar masara ya cusa, ya liƙe da narkakken kyandir.

Ya ji an ce a ƙarƙashin ƙasa Turawa ke ajiye nasu, sai ya haƙa rami a gefen gonar ya jera kwalabe. Ya manta fadama ce. Da ya dawo ya tarar ramin ya zama rijiya, kwalabe na iyo, kwaɗi sun haye kansu suna waƙa. Ya tuɓe riga ya shiga tsamowa, santsi ya kwashe shi, manoman maƙwabta suka jawo shi da igiyar guga.

"Gwajin ruwa na," ya ce musu yana tofar da laka. "Dut kwalbar da ba ta nutse ba, ta ci jarrabawa."

Ya kwashe su ya jibge a ɗakin kwano, ya rufe taga, ya garƙame ƙofa. A lokacin kuwa bazara ta kama gadan-gadan, irin zafin Sakkwato da ƙadangare ke ɗaga ƙafa ɗaya in ya taka ƙasa.

Saura hoton Tambari da za a manna a jikin kwalba. A gonar da ke maƙwabtaka akwai wani tsoho, Baba Salisu, mai farin gemu har ƙirji. Sirajo ya ba shi goro, ya naɗa masa rawanin aro, ya ɗauke shi hoto, ya ce na tarihi ne. Aka buga takardun mannawa: hoton Baba Salisu a sama, a ƙasa an rubuta Marigayi Tambari. Kowace kwalba kuma ya ba ta shekararta. Wata 1985, wata 1960, guda ɗaya mai ɗan ƙaton ciki ya ce ita tun kafin zuwan Turawa take.

Da ya kawo ɗaya teburin shayi don a gani, Habibu ya jujjuya ta ya ce, "To wagga ta 1960, ƙaƙa anka yi gindinta ad da tambarin kamhwanin lemo na bara?"

"Kwalba aka canzawa, ruwan na nan yadda shike. Kai da shayi ka sani, mi kas sani ga kayan tarihi?"

Ɗalibai kuwa abin nema ya samu. Suka riƙa zuwa gona suna ɗaukar Sirajo a waya yana ba da tarihi, kullum kuma tarihin na ƙara ƙiba. Yau Tambari na da raƙuma ɗari, gobe raƙuman ma zoɓo suke sha. Bidiyon ya zagaye gari. Har wani malamin jami'a ya tsaya da mota ya ce a ba shi kwalba ɗaya ya ɗanɗana, ko nawa ce zai biya.

Sirajo ya dube shi sama da ƙasa. "Ba ta saidawa ba ta."

"To don mi kaka tallarta?"

"Don a san akwai ta. Ranka shi daɗe, abin da ka samuwa ba shi tsada. Gwanjonta za mu yi, ka dawo ranar gwanjo, ka zo da abokanka."

Da Zaituna ta ji ya kori mai saye da kuɗinsa a hannu, sai da ta zauna a kan turmi. Shi kuwa kowace Juma'a in an sauko masallaci sai ya sanar da sabon farashi. Kwalbar da bai sayar wa kowa ba ta tashi daga dubu biyar ta koma dubu hamsin, ta wuce dubu ɗari. Ya fara tafiya yana buɗe hannuwa kamar mai ƙurji a hamata. Ya ce wa Habibu ya daina ba shi shayi a kofin kowa da kowa.

Ana nan, wata ranar Asabar da hantsi, sai keke napep uku suka tsaya a ƙofar gidan. Goggo Delu ce ta fara fitowa, yayar mahaifin Sirajo, tsohuwar da ko mai unguwa ke sauya hanya in ya hango ta. A bayanta dangi ne zuga guda, wasu daga Gwadabawa, wasu daga Bodinga, har da waɗanda Sirajo bai taɓa gani ba. Suka cika tsakar gida.

Sirajo ya durƙusa. "Goggo, sannunku da zuwa. Lahiya dai?"

"Lahiya ta kawo mu. Jikata ta gwada min kai cikin waya. Ashe kakanmu Tambari ya bar gandu?"

"E to, Goggo, wato..."

"Shekara ɗari biyu, kac ce. Da bakinka. Ni ina nan ina saida ƙuli-ƙuli, kai kana zaune bisa dukiyar kakanmu kai ɗai! Yaushe anka raba gadon? Wa yar raba shi?"

Wani dogo daga baya ya ce, "Da raƙumman!"

"Ƙwarai, da raƙumman," in ji Goggo. "Ina suke?"

Sirajo ya waiga. Zaituna na tsaye a ƙofar madafa, muciya a hannu, tana yi masa wani irin kallo. In ya ce ƙarya ya yi, kwalbar dubu ɗari ta koma ta naira ɗari. In ya ce gaskiya ne, gonar Zaituna ta zama ta mutum arba'in.

"Goggo," ya ce, "ai dama ni amana nika riƙo. Ku bari a yi gwanjo, kowa shi ga darajar abin, sannan a zauna."

"Mu zo gwanjon?"

"Ku ne manyan baƙi!"

Da suka fita, Zaituna ta tako a hankali ta tsaya a kansa.

"Amanar wa kaka riƙo?"

"Zaituna, siyasa ta..."

"Baban Khaula, ni da hannuna nis sayi gonag ga. Ranar gwanjo ko ka hwaɗa masu gaskiya gaban jama'a, ko in kwashe ɗiyana in tahi gidanmu, kai ka zauna da Tambari shi dahwa maka tuwo."

Sirajo ya ce kada ta damu, in kuɗi suka shigo kowa zai manta da ƙasa. Ya koma wurin Habibu ya ja shi gefe.

"Ranar gwanjo kai za ka zan attajiri. In ara maka babbar riga. Dut wanda yat taya, ka ɗara shi, don kuɗin su hau. In sun hau sosai sai ka janye."

"In ba wanda yat taya hwa?"

"Kai dai ka yi ta ɗarawa. Kuɗi ka kiran kuɗi."

Ranar gwanjo aka kafa rumfa a bakin gona, aka jera kujerun roba, aka ɗauko lasifika. Rana ta buɗe sosai. Ɗalibai suka cika wurin da wayoyinsu, malamin jami'ar nan ya zo da abokansa biyu, Goggo Delu da zugarta suka mamaye layin gaba. Malam Gazali ya zo buɗe taro da addu'a, ba don ransa ya so ba. Aka fito da kwalabe daga ɗakin kwano, da ɗuminsu kamar an sauke daga wuta, aka jera a kan dogon tebur a tsakiyar rana, don Sirajo ya ce haske ya fi fito da launinsu.

Sirajo ya hau kan benci cikin farar babbar riga, ya karɓi lasifika.

"Jama'a, abin da ag gabanku ba abin sha ba na, tarihi na! Yadda marigayi Tambari yah haɗa shi da hannunai, hakanan yake, ban ƙara ba, ban rage ba. Shi kainai kullum sai ya sha kwalba ukku kahin shi hita kasuwa!"

Goggo Delu ta gyaɗa kai tana share ƙwalla.

Sai ga Baba Salisu ya ratso taron da fartanya a kafaɗa, ya zo ganin abin da ake yi a gonar maƙwabta. Ya tsaya gaban tebur, ya ɗauki kwalba, ya ƙura mata ido. Wata ɗaliba ta dubi kwalbar, ta dubi tsohon, ta saki ƙara.

"Marigayin na! Ga shi nan!"

Layin baya ya fara watsewa. Baba Salisu ya ce a karanta masa abin da aka rubuta a ƙarƙashin hotonsa. Aka karanta.

"Ni am marigayi? Sirajo, goro biyu kab ba ni, ashe na kashe ni na?"

"Kama ta, Baba! Jama'a, kama ta kawai! Dut tsohon kirki kama da Tambari shikai. A ba Baba kujera!"

Aka zaunar da tsoho yana ta huci. Sirajo ya yi maza ya ɗaga kwalbar nan mai ƙaton ciki.

"Wagga tun kahin zuwan Turawa! Wa ka taya ta?"

Ba wanda ya taya. Malamin jami'a ya naɗe hannu yana murmushi. Habibu, wanda ya nutse cikin rigar aro har ba a ganin yatsunsa, ya tuna umarni.

"Dubu ɗari!"

"Dubu ɗari ga Alhaji! Wa ka ɗarawa?"

Ba kowa. Habibu ya duba dama, ya duba hagu.

"Dubu ɗari biyu!"

"Alhaji ya ɗara kainai! Wa ka ƙarawa?"

"Dubu ɗari biyat!" in ji Habibu, don abin ya fara yi masa daɗi. Rabonsa da a kira shi Alhaji tun da aka haife shi.

Sirajo ya yi ta ƙifta masa ido ya dakata. Habibu ya ɗauka cewa ake ya ƙara wuta. Ya miƙe tsaye ya yarfa hannun riga.

"Miliyan guda!"

Goggo Delu ta rangaɗa guɗa. Ta tashi ta kama hannun Habibu gam. "An sallama! Alhaji, kawo kuɗin nan hannuna, ni ab babba ga zuri'a."

Habibu ya buɗe baki zai ce shi shayi yake sayarwa, sai aka ji wani abu ya ce tau!

Totuwar kwalbar da ke hannun Sirajo ce ta tashi kamar harsashi, ta fizge hularsa ta yi sama da ita. Jan kumfa ya biyo baya ya wanke masa fuska. Kafin ya share ido, ta kan tebur ta amsa. Tau! Ta kusa da ita ma ta amsa. Tau! Tau! Tatau! Kwalabe suka shiga harbi ba ƙaƙƙautawa, totuwa na ruwa a kan rumfa, wata ta sami lasifika, lasifika ta saki kuka. Habibu ya fizge hannunsa, ya bar wa Goggo rigar aro, ya ranta a na kare. Ɗalibai suka kwanta ƙarƙashin kujeru, amma wayoyinsu na sama. Sirajo ya yi tsalle daga benci zai rungume sauran kwalabe, teburin ya kife da shi, ya faɗi rigingine cikin jan tafki.

Da harbi ya lafa, wani wari ya tashi ya cika wurin, mai tsami, mai hawa kai. Malam Gazali ya fito daga bayan kujera, ya shaƙa sau ɗaya, ya toshe hanci da gefen rawani.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Jama'a, kowa shi wanke inda yat taɓa shi. Wanga abu ya zama giya."

Goggo Delu ta juyo a hankali, jan kumfa na ɗiga daga gyalenta.

"Sirajo. Mi kac ce kakanmu na sha kwalba ukku kullum?"

Sirajo ya ɗago kai daga cikin laka. "Goggo, wato, a wancan zamani..."

"Tambari? Mutumin da ko goro ba shi ci sai ya yi bisimilla? Shi kam maida mashayi gaban duniya, cikin lasifika?"

"Ku ba mu wuri da shi!" in ji dogon nan mai neman raƙuma, yana naɗe hannun riga.

Sirajo ya ga dangi sun yo kansa, ya rarumi lasifikar da ke kuka, ya kwarma ihu daga kwance.

"Ƙarya nikai! Wallahi ƙarya nikai! Tambari igiya shika saidawa! Bai taɓa taka Kwalkwalawa ba! Ba raƙumi ko guda! Gonar Zaituna ta, da kuɗin soɓonta tas saye ta! Kwalaben ga ko wata biyu ba su yi ba!"

Zaituna, wadda ke tsaye can nesa a inuwar mangwaro, ko ɗigo bai taɓa ta ba, ta ɗaga murya. "A maimaita wurin gonar, na baya ba su jiya ba."

"Gonar Zaituna ta!"

Goggo Delu ta tofar da yawu. "Ko kyauta anka ba mu ba mu so. Ku tashi mu tahi." Ta wuce, ta dawo, ta maka masa rigar aron a ka, sannan ta tafi. Baba Salisu ma ya tashi, ya bi kwalaben da suka rage yana ɓare hotonsa ɗaya bayan ɗaya yana zubawa a aljihu. Malamin jami'a ya leƙo ya ce, "Malam Sirajo, yanzu nawa ta koma?" Bai jira amsa ba.

Sai bayan la'asar aka sami mai keke napep da ya yarda ya ɗauki Sirajo, shi ma sai da Zaituna ta shimfiɗa buhu a kan kujera. Ja ya bushe masa tun daga gashi har tafin ƙafa, farar riga ta koma kamar ta mahauci ranar Sallah.

Abin da ba su sani ba, Habibu bai tsaya ba sai Mabera. Ya faɗo layin ba riga ba hula yana cewa an buɗe wuta a Kwalkwalawa, da idonsa ya ga Sirajo ya faɗi cikin jini. Kafin a ce a bincika, ga bidiyo ya iso wayoyi: ƙarar harbi, ga Sirajo kwance jajawur. Malam Gazali da zai ƙaryata ya tsaya wanka da wankin kaya a gidan wani abokinsa. Nan da nan aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan, maza suka tuɓe takalma suka zazzauna.

Keke ya sauke su a bakin layi. Sirajo ya hango taro, ya ji ana ambaton sunansa, sai ya riƙe hannun Zaituna, ya laɓe bayan wata mota.

"Tsaya in ji," ya raɗa mata.

Habibu ne ke magana yana sharɓe hawaye. "Mutum na mai son jama'a. In yana wuri, ba ka jin kewa."

Sirajo ya gyaɗa kai.

Wani ya ce, "Ga hikima. Kai dai bari."

Sirajo ya dafa ƙirji, ya dubi Zaituna ko ta ji.

Sai wani dattijo ya nisa ya ce, "Allah sarki. Ya zo duniya ya koma, bai taɓa yin abu guda yay yi kyau ba."

Nan fa haƙuri ya ƙare. Sirajo ya yi wuf ya fito tsakiyar layi, jajawur, ido kaɗai ke fari, ya ɗaga hannuwa biyu.

"Ƙarya ta! Wa yat taɓa kai kwalba miliyan guda cikin garin ga in ba ni ba?"

Ba a san wanda ya fara tashi ba. Dattijon da ke dogara sanda shi ya riga kowa shan kwana, sandar ma a nan ya bar ta. Habibu ya haye katangar da tun yana saurayi bai iya haye ta ba. Cikin ƙiftawar ido layin ya zama wayam, sai tabarmi, da butoci, da takalma birjik, wasu ƙafa ɗaya, wasu a kife.

Zaituna ta shige gida ta ɗebo ruwa a bokiti. Da ta fito ta tarar da shi tsugune a bakin tabarma, ya ɗauki wani takalmin fata yana jujjuyawa, yana ƙwanƙwasa ƙasansa da yatsa. Idonsa ya fara wannan ƙyallin da ta sani.

"Zaituna," ya ce a hankali, "kin san nawa aka saida tsohon takalmi ƙasar Italiya?"

Ta ɗaga bokitin da hannu biyu ta juye masa a ka.